Kiyaye Rayuka a Wajen Ɗaukar Ƙaramin Fim

Wajen ɗaukar fim, wanda 'yan sana'ar ke kira lokeshan, wurin aiki ne da ake kafawa da safe a nannaɗe da dare. Mutum ashirin ko talatin ne ke haɗuwa a gidan aro ko bakin rafi, ga wayoyin lantarki a ƙasa, ga fitilu masu zafi, kowa na sauri kada rana ta faɗi. Manyan kamfanoni suna da jami'in da ba shi da wani aiki sai lura da haɗari. Ƙaramin fim, irin wanda aka saba yi a Kano tun fitowar Turmin Danya a 1990, ba shi da wannan gatan, don haka nauyin yana wuyan furodusa. Wajibi ne ya ware mutum guda da zai iya tsayar da aiki ko da darakta bai so ba, a kuma sanar da kowa tun ranar farko.

Aikin yana farawa kafin a kunna kyamara. Akan je a ga wurin da ido, a rubuta abin da zai iya cutarwa, wanda zai shafa, da matakin da za a ɗauka: tsohuwar rijiya, katangar da damina ta jiƙa, wayar wuta da ta sauko. A nemi izinin mai unguwa, a san asibiti mafi kusa da hanyar zuwansa.

Tafiya na cikin abubuwan da ke cin rayukan 'yan fim. Jarumi Ahmad S. Nuhu ya rasu a haɗarin mota kusa da Azare ranar 1 ga Janairu, 2007, yana kan hanyar Maiduguri. A watan Afrilun 2024 kuma jirgin ruwa ya kife a kogin Neja, ya yi ajalin jarumin Kudu Junior Pope da abokan aikinsa huɗu, a tafiyar ɗaukar fim, ba tare da rigunan kariya a jikinsu ba. Ko ɗaya bai faru a gaban kyamara ba, kuma a nan ne masu shirya fim suka fi sakaci. Direban da ya yini yana jigilar kaya bai kamata ya kama sitiyari da tsakar dare ba. Kwana a masauki ya fi arha a kan abin da gyangyaɗi ke jawowa. Kada a cusa mutane da kayan aiki a mota guda. In za a hau kwale-kwale, ko a ɗauki waƙa a bakin dam kamar na Tiga, kowa ya sa rigar kariya, a kuma samu gwanin iyo na yankin ya tsaya kusa.

Sai janareta. Hayaƙinsa na ɗauke da gubar da ba ta da launi ba ta da wari, tana somar da mutum tun bai ankara ba. Mai ɗaukar sauti kan nemi a ɓoye injin a zaure ko ɗaki saboda ƙara, kuma wannan kuskure ne da ke kashewa. Wurinsa waje, nesa da taga, a ƙara tsawon waya. Ba a zuba masa fetur yana aiki ko yana da zafi. Wayoyi a manne su a ƙasa, a raba su da ruwa, ƙafafun fitilu kuma a danne su da buhun yashi.

Daga Maris zuwa Mayu zafi a Arewa yakan haura digiri 40. A tanadi inuwa da ruwa, a tura fitowar waje zuwa safiya ko bayan la'asar, musamman da azumi. Wanda ya fara jiri ko maganarsa ta rikice, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a garzaya da shi asibiti. A daji kuwa takalmi rufaffe dole ne saboda kububuwa; wanda ta sara ba a tsaga masa wurin, ba a ɗaure shi tamau, asibiti ake nufa kai tsaye.

Makami na da tasa ƙa'idar. A Oktoban 2021, a jihar New Mexico ta Amurka, harsashi na gaske ya fita daga bindigar da ke hannun jarumi Alec Baldwin, ya kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins a fim ɗin Rust. Ƙaramin fim ba shi da hujjar taɓa bindigar gaske: ta roba ta wadatar, ƙara da walƙiya a sa su a kwamfuta. Adda da wuƙa a dakushe su, faɗa kuma a gwada shi a hankali sau da yawa kafin ɗauka. A sanar da 'yan sanda tun da wuri duk ranar da za a fito da kayan sarki ko abin da ya yi kama da makami, domin mai wucewa bai san wasa ake yi ba.