Majami'ar Kilpek: Ginin da Talauci Ya Tsare

Yau za mu yada zango a Kilpek, wani ɗan ƙauye a lardin Hereford na ƙasar Ingila, daf da iyakar Wales, inda wata majami'a ta jan dutse take tsaye tun wajen shekara ta 1140 Miladiyya.

Bayan da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Sarki Wiliyam ya mallaka wa wani bardensa ƙasar Kilpek, kuma wani daga zuriyar barden nan, mai suna Hugh, shi ne ya kafa majami'ar a gefen fadarsa mai ganuwa, kana aka damƙa ta a hannun sufayen Gloucester.

Fasalinta kashi uku ne a jere: zauren masu ibada, da matsayar limamai, sa'an nan wata kewayayyiyar ƙurya mai fuskantar gabas inda bagade yake, kuma bakan gizo na dutse ne ke raba kowane kashi da ɗan'uwansa. Amma fa abin al'ajabi yana ƙofar kudu, inda masassaƙa suka nuna gwanintarsu: ga macizai suna haɗiyar wutsiyar juna, ga mayaƙa biyu sarƙe cikin rassa, ga kuma bishiyar da Nasara ke ɗauka alamar rai a bisa kan ƙofar. Ƙarƙashin rufi kuwa akwai siffofi fiye da 80 kewaye da ginin, har da kare da zomo, da mai goge, domin masassaƙan ba su ga laifin gwama wa'azi da raha ba.

To, mene ne ya sa ta wanzu bisa kamanninta na asali? Talauci ne, jama'a. Yunwa da annobar 1349 sun rage mutanen ƙauyen ƙwarai, fada ta zama kufai, kasuwa ta mutu; saboda haka a zamanin da garuruwa masu wadata suke rushe tsofaffin majami'unsu suna sake su bisa sabon yayi mai dogayen tagogi, mutanen Kilpek ba su da halin taɓa tasu, sai 'yan gyare-gyaren da aka yi mata a ƙarni na 19. Har wa yau ana ibada a cikinta.