Harry Potter Ya Karɓi Lambarsa, Saura Aku

Ranar 13 ga Fabrairun 2011, a birnin Landan, ƙungiyar BAFTA mai karrama 'yan fim a Birtaniya ta miƙa wa finafinan Harry Potter lambar yabo dungurungum. Lambar ita ce mai ɗauke da sunan Michael Balcon, wadda ake ba wanda ya yi wa sana'ar fim ta ƙasar hidima ta musamman. Marubuciyar littattafan, J.K. Rowling, da furodusa David Heyman ne suka hau dandali suka karɓa. A lokacin fim na takwas, wato na ƙarshe, ko fitowa bai yi ba, sai a watan Yuli.

Labarin dai na wani maraya ne mai tabarau da aka kai makarantar koyon sihiri. Na san akwai iyayen da ko sunan ba sa so a ambata musu a gida, kuma suna da hujjarsu. Amma abin da Turawan suka duba ya wuce sandar tsafi da tsintsiya mai tashi sama. Daga 2001 zuwa 2011 finafinan sun kawo sama da dala biliyan 7, kuma galibin aikin a Leavesden aka yi shi, wani tsohon filin jirgi a wajen Landan. Shekara goma kafintoci da teloli da masu kwalliya da gwanayen siddabarun kwamfuta suna cin abinci a wuri guda, yaran gida suna zama iyayen gida. Da aka gama ba a watsar da kayan ba. A 2012 aka buɗe wurin ga masu ziyara, har yau mutane na biyan kuɗi su ga riguna da ɗakunan da aka yi wasan a ciki.

To, mu fa?

Duk wanda ya tashi a Kawo ko Unguwar Rimi ko Badarawa a shekarun 1980 ya san daren da ake nuna Magana Jari Ce a NTA Kaduna. A layinmu gida ɗaya ne mai talabijin. Tun bayan magariba za mu wanke ƙafa, domin uwar gidan ba ta yarda a hau mata tabarma da ƙura, mu jeru ƙanana a gaba, manya a baya. In hoto ya fara rawa sai a tura wani ya juya eriya, ana yi masa ihu daga ciki: ya yi, ya yi, a'a koma baya! Washegari a makaranta kowa ya zama Waziri ko Sarki.

Abin da muke kallo ya girme mu nesa ba kusa ba. Abubakar Imam, haifaffen Kagara a 1911, shi ya rubuta littafin Magana Jari Ce a Zariya, juzu'in farko ya fito a 1937. A cikin littafin, Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa, Waziri na ƙulla makirci, aku kuma yana riƙe yaron a gida da labari bayan labari har gari ya waye. Tsuntsu mai magana, da hikimar da ta fi ta fadawa, ƙarshe ma aka naɗa shi waziri. In wannan ba tatsuniyar al'ajabi ba ce, ban san me ake kira haka ba. Imam ya ɗebo daga Alfu Laila da littattafan Indiya da Farisa da tatsuniyoyin Jamus, ya sa musu rawani da babbar riga har ba mai cewa baƙi ne. Rowling ma haka ta yi da dodannin Girka da almarar Turai, sai dai ita an buga mata tambari.

Gidan talabijin ɗin da ya ɗauki wannan nauyi tun 1962 yake aiki a Kaduna, zamanin Sardauna, kafin ya koma ƙarƙashin NTA. Daga cikinsa aka san wasannin Samanja Mazan Fama da Karambana. Ƙasimu Yero, wanda ya fito a Karambana da Magana Jari Ce, ya rasu a Kaduna a 2017. Usman Baba Pategi, Samanja ke nan, ya bi shi a 2023. Allah ya jiƙansu. An yi ta'aziyya, an yi rubuce-rubuce a Facebook, kwana uku aka koma harkar gabanmu.

A ganina karramawar da ta dace da irin wannan aiki ta fi allon katako da hoto a otal. Kaset ɗin bidiyo na wancan zamani ba ya jure zafi da damshi. In ya daɗe a ajiye sai zaren ya manne, ya yi fumfuna, hoton ya tafi. Mataki na farko shi ne a tattaro duk abin da ya rage, a gidan talabijin ko a akwatin wani tsohon ma'aikaci, a juye shi a kwamfuta. Akwai misali a kusa. Fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, wanda aka ɗauko daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓace. Aka tsinci faifansa a wani tsohon ɗakin ajiya a Legas, cibiyar Arsenal ta Jamus ta taimaka aka gyara, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018.

Sai kuma mutanen bayan kyamara: wanda ya ɗinka alkyabbar Sarki, wanda ya haɗa fada, wanda ya riƙe fitila. Waɗanda ke raye sun manyanta, a zauna da su a naɗi bakinsu. Gidan Arewa na kan titin Rabah, inda ake adana takardun tarihin Arewa, yana da zaure da fili. A kafa majigi a can wani daren Asabar, a sa tsofaffin ma'aikatan a sahun gaba, a kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya, sannan a kashe fitila a saki aku ya fara.