YAUSHE MAIJEGON DA AKA YI WA TIYATA ZA TA FARA CIN ABINCI?

A hutun da ya wuce ne aka kai yayata asibiti daga ƙauyenmu na ƙasar Ajingi, bayan ta kwana tana naƙuda. Likita ya duba, ya ce sai an yi mata aiki. Allah ya taimaka aka ciro yaro lafiya. Da yamma ta ce tana jin ƙishirwa, sai kakarmu ta janye kofin, ta ce, "Ke 'yar nan, so kike ɗinkin ya ɓalle? Sai kin kwana uku!" Ana cikin haka nas ta shigo, ta ce, "Iya, ku ba ta ruwa ta kurɓa. In bai dame ta ba, a dama mata koko." Wannan ne ya sa na bi diddigin maganar, don 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu su amfana.

Tsoron kakarmu yana da asali. A da, likitoci ma haka suke yi. Sukan hana mace ci da sha har kwana guda ko fiye, tana kan ƙarin ruwa, sai sun ji motsin hanjinta ko ta fitar da iska. Dalilinsu shi ne hanji yakan yi sanyi bayan tiyata, suna gudun amai da kumburin ciki.

To, amma ilimi ya ci gaba. Da farko, wurin da ake yankawa shi ne fatar ciki da mahaifa. Ba a yanka tumbi ko hanji, saboda haka abinci ba ya bi ta kan ɗinkin, balle ya ɓalla shi. Na biyu, yawanci yanzu allura ake yi a gadon baya, ƙasan jiki ya mutu, uwar kuwa idonta biyu. Na uku, an gano cewa abinci shi ne ke tayar da hanji daga barci.

A shekarar 2002, wasu masana biyu na Afirka ta Kudu, Mangesi da Hofmeyr, sun tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan haka, ba su sami hujjar hana mace ci da sha ba in aikin ya tafi daidai. A 2019 kuma wata ƙungiyar masana tiyata ta duniya ta ba da shawarar a ba ta abinci cikin awa 2 da gama aiki. A Ingila ka'idar ita ce, in tana murmurewa lafiya, ta ci ta sha duk sa'ad da ta ji yunwa ko ƙishirwa. Wadda ta ci da wuri takan sami ƙarfin tashi da shayar da jaririnta.

Sai dai fa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Wadda aka sa barci gaba ɗaya sai ta farka sarai, kada ta shaƙe. Wadda ke amai, ko jini bai tsaya ba, ko jijjiga ta kama ta, ko aikin ya taɓa hanjinta, dole ta jira. Don haka izini daga likita ko nas yake fitowa, ko a Babban Asibitin Gaya ne ko a Asibitin Murtala na Kano. A fara da ruwa, sai shayi ko koko, sannan abinci mai laushi kaɗan-kaɗan. In ciki ya kumbura ko amai ya ƙi tsayawa, a dakata a kira nas.

Akwai abu guda da ya kamata iyayenmu mata su kula da shi, wato kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da shan kanwa da yawa da zafin wankan jego. Kanwa kamar gishiri take, tana tara ruwa a jiki, ta wahalar da zuciya, musamman ga mai hawan jini. Gara a ba ta kunun gyaɗa, da wake, da ƙwai, da miyar ganye, da ruwa mai tsabta.

Yayata ta sha kokonta a daren nan, washegari ta taka da ƙafarta. Kakarmu da kanta ta riƙe mata kofin. In irin wannan rana ta zo gidanku, kada ku hana maijego da ka, kada kuma ku ba ta a ɓoye. Ku tambayi nas tukuna. Allah ya ba iyayenmu mata lafiya, amin.