Gonar Aro da Takardar Shaida: Horar da Ƙungiyoyin Manoma Kan Samun Fili

Ya kai malamin gona, idan ka zauna da manoman unguwar Lamisula a cikin Maiduguri, fara da tambayar inda gonakinsu suke. Mazaunin birni sai ya fita bayan gari, irin su fadamar Jere, kafin ya sa fartanya a ƙasa. Wanda kuma rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 ya raba da ƙauyensu, galibi aro ko haya yake noma. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Manomin da bai tabbatar gonar tana hannunsa baɗi ba, ba zai kai mata takin gargajiya ba, ba zai bar gawo ya girma ba, balle ya haƙa rijiya. Saboda haka ingantaccen irin gero ko alkama ba ya wadatarwa sai an daidaita maganar fili.

Abin da doka ta tanada

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Filayen birni suna ƙarƙashinsa kai tsaye. A karkara kuwa, ƙaramar hukuma tana iya ba mutum izinin riƙe fili bisa al'ada har hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo. Idan gwamnati ta karɓi fili domin amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta shafi abin da aka gina ko aka shuka ne a kansa. Ban da doka, a Borno akwai Bulama, da Lawan, da hakimi, har zuwa fadar Shehu, kuma su ne suka san tarihin iyakokin gonaki.

Abin da za ka koya wa ƙungiya

Manomi ɗaya ba ya iya bin ofisoshi, amma ƙungiyar manoma, ko ta mata, ko ta matasa, tana iyawa. Horar da shugabanninta a kan abubuwa huɗu:

1. Rubuta kowace yarjejeniyar aro, haya ko jingina: sunayen ɓangarori, iyakoki, yawan damina, kuɗi ko kason amfani, da wanda zai mallaki itatuwan da aka dasa. Bulama da shaidu biyu su sa hannu.

2. Zagaya gona tare da maƙwabta a auna ta, a kafa alamar iyaka, a bar burtali a buɗe.

3. Sanin haƙƙin mata. A shari'ar Musulunci 'ya mace tana da rabin kason namiji, matar mamaci kuma tana da tumuni idan ya bar 'ya'ya. A rubuta kasonsu da sunansu.

4. Yin sulhu tun kafin ruwa ya sauka, domin gardamar da ta kai damina hasarar shuka take jawowa.

Kammalawa

Ambaliyar da fashewar madatsar Alau ta haddasa a watan Satumba na 2024 ta nuna cewa takarda ɗaya a ƙarƙashin katifa ba ajiya ba ce. A yi kwafi uku: na mai gona, na mai noma, da na ƙungiya, a kuma ɗauki hotonta a waya. Kai kuma manomi, kada ka ɗauki neman rubutu rashin yarda ne. Yana kare zumunci ne ranar da waɗanda suka ƙulla maganar ba sa raye.