Me ya sa wani shafin intanet ke cinye mana mega?

Masu saurare suna yawan tambayarmu: don me wani shafin ke buɗewa nan take, wani kuwa sai ka gaji da jira? Galibi hotuna ne. Hoto guda na salula kan kai mega 3. In tela a Maraɗi ya jera goma a shafinsa, mega 30 ke nan kafin mai saye ya ga farashi, ga rezo ba ƙarfi. To wa zai tsaya? A rage kowane hoto ya koma ƙasa da rubu'in mega, a ido duk ɗaya ne. Lambar waya da kwatancen shago kuma su zo can sama, tunda yawancinmu a salula muke dubawa, muna tsakiyar aiki.