Sanƙarau: Yadda Ƙwayar Cuta Ta Ari Sulke



Daga watan Fabrairu har zuwa faɗuwar ruwan farko, mutanen Zauro da Ambursa da sauran garuruwan bakin fadamar Rima sun san halin da ake shiga. Hunturu ya bar ƙura a hanci da maƙogwaro, bazara ta ɗora zafinta a kai. A wannan tsakanin ne uwa kan ga ɗanta ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, yana kukan ciwon kai, yana kare ido daga haske. In aka ce ya sunkuya haɓarsa ta taɓa ƙirji, sai ya kasa. Jariri kuwa maɗigarsa ce ke kumbura. Sanƙarau ke nan, kuma yana iya kashewa cikin kwana ɗaya.

Manya ba su manta da shekarar 1996 ba, lokacin da cutar ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ta yi ajalin fiye da 11,000. Nau'in da ake kira A ne ya yi wannan ɓarna. Da allurar MenAfriVac ta fito a 2010, ta iso Najeriya a 2011, nau'in A ya kusa ɓacewa, jama'a suka samu sa'ida.

Sai ga shi a 2013 cutar ta ɓulla a jihar Sakkwato, a 2014 ta shigo Kebbi. Ƙungiyar likitocin na-gari-na-kowa, MSF, ta tara samfurin ruwan laka na majinyata, aka aika Oslo, babban birnin Norwe. Amsa ta dawo cewa wannan nau'in C ne, kuma sabon iri da ba a taɓa gani ba a ko'ina, aka yi masa lamba ST-10217. A 2015 ya kama dubbai a Kebbi da Sakkwato, ya tsallaka Dosso da Yamai. A kakar 2016 zuwa 2017, wadda ta fi tsanani a Zamfara, an lissafa sama da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 1,100 suka rasu.

To daga ina ya fito? A nan ne binciken ƙwayoyin gado ya yi aikinsa, kuma ina roƙon ku ba ni kunnuwanku sosai.

Bakteriyar sanƙarau ba baƙuwa ba ce a jikin ɗan'adam. Kusan mutum ɗaya cikin goma na ɗauke da ita a maƙogwaro, yana noma, yana cin kasuwa, lafiyarsa lau. Abin da ke ba ta damar shiga jini ta kai ga rufin ƙwaƙwalwa shi ne wani lulluɓi na sukari da ke kewaye da ita, tamkar sulken mayaƙi, wanda ke hana garkuwar jiki cin ta. Haruffa irin su A da C da W da X, sunayen ire-iren wannan lulluɓi ne. Allurar da aka haɗa domin A ba ta gane C, shi ya sa yaron da aka yi wa rigakafin farko zai iya kamuwa.

A 2018, masana na Cibiyar Kiwon Lafiyar Jama'a ta Norwe, cikinsu har da Dominique Caugant, suka wallafa abin da suka gano bayan sun karanta jerin ƙwayoyin gadon wannan sabon iri. Sun samu 'yar'uwarsa ta kusa a wani samfuri da aka ɗauka a Burkina Faso a 2012, daga maƙogwaron mutum mai lafiya. Waccan ba ta da lulluɓi ko kaɗan. Amma wannan bakteriya tana da ɗabi'ar tsintar guntayen gado daga 'yan'uwanta da suke zaune wuri guda, ta liƙa cikin nata. Ta haka ta samu ƙwayoyin gadon ƙera lulluɓin C, tare da wasu da ke ƙara mata kaifi. Wadda ta daɗe tana zaune shiru, sai ta zama annoba.

Jama'a, wannan sani daga jikin 'ya'yanmu ya fito. Na san yadda zuciyar uba ke karyewa in likita ya ce zai soka allura a gadon bayan yaro ya ɗebo ruwa, kuma na san maganar da ake yi a zaure cewa wannan allura ce ke nakasa yara. Cutar ce ke bar musu kurumta da sauran lahani in an makara. Wannan ɗan ruwa shi ke gaya wa likita ko wane iri ne ya shigo gari, da wace allura za a nemo.

Irin wannan shaida ta taimaka wajen samar da Men5CV, allura guda mai kare A da C da W da Y da X, wadda Najeriya ta riga kowace ƙasa fara amfani da ita a watan Maris na 2024. Duk da haka, a Maris na 2025 hukumomin lafiya na Kebbi sun sanar da rasuwar mutum 26 a Gwandu da Jega da Aliero.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne nisan da samfuri ke yi kafin a san amsa. Bakteriyar nan ba ta jure doguwar tafiya, sau da yawa takan mutu a hanya. Jihar da cutar ke ziyarta kusan kowace bazara ta cancanci ɗakin bincike mai na'urar karanta ƙwayoyin gado a Birnin Kebbi, da matasanmu da aka horar su riƙe shi, domin samfurin da aka ɗauka a Argungu da safe ya isa hannun masani kafin azahar.