Yadda Ake Zaɓar Wurin Ajiyar Kaya a Nima da Maamobi

A unguwannin Zongo na Accra, inda ɗaki guda kan ɗauki iyali gaba ɗaya, kuma masu gidaje kan nemi kuɗin hayar shekara 2 a dunƙule alhali dokar haya ta 1963 ta taƙaita shi ga wata 6, magidanci kan wayi gari yana neman inda zai ajiye katifa da akwatuna da kwanonin uwargida. A zamanin fataken goro, maigida ne ke riƙe kayan baƙonsa bisa amana. A yau kuwa sito ake haya.

Wajibi ne mai ajiya ya fara duba tudun wurin, domin babbar kwatar Nima tana malala zuwa kogin Odaw, kuma ambaliyar 3 ga Yuni 2015 ta isa izina. Sa'an nan ya lura da shigar iska, ya ɗora kayan bisa katako, saboda danshin teku kan sa tufafi su yi funfuna. Daga bisani a rubuta adadin kaya da ujura da wa'adi a gaban shaidu biyu, domin a fiƙihun Malikiyya wanda aka ba wadi'a, wato ajiyar amana, ba ya lamuni sai in ya yi sakaci.